Sunan da Za a Manna a Bangon Masallaci

Gorar ruwa, rabin burodi, littafin rubutu, tsohon hoton kakansa, da kwafin shafi ɗaya na wani rajista. Abin da ke cikin jakar Jalaluddeen ke nan sa'ad da jirgin ƙasa ya baro Eseka ya nufi Duwala.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, kuma tun da ya dawo dangi suka mai da shi mai takardun gida. Ana sake gina masallacin layinsu a unguwar New Bell ta Duwala, wanda kakansa ya fara kafawa da katako da kwano. Baffa Zakariya'u, ƙanin mahaifinsa, ya riga ya ba mai sassaƙa aikin allon dutsen da za a manna a bango ranar Juma'a: Malam Ilu Maijirgi na Katsina. Shekara kaɗai ta rage a saka. Baffa yana son shekarar da tsohon ya fara aikin reluwe, kuma yana son ta da shaida.

Jalalu ya je ya samo. A gidan jikan wani tsohon akawu akwai akwatin ƙarfe cike da rajistocin leburorin da suka fasa dutse a layin dogo. Ga sunan nan da rubutun hannu: Ilou, Bahaushe, daga Katsina, lamba 417, ya shiga aiki a 1924. A gefen dama, da wata tawada daban, an rubuta kalma ɗaya da kwanan wata: ya mutu, Maris 1926.

Kakansa kuwa a 1971 ya rasu, a kan gadonsa a New Bell, ya bar 'ya'ya tara.

Da fari ya ce kuskuren akawu ne, ko kuma wani Ilun daban. Amma a hoton, tsohon yana rataye da kwandalar tagulla irin ta ma'aikata a wuya, kuma lambar da ke jikinta a fili take. Ɗari huɗu da sha bakwai. Ya duba sau uku tsakanin Edea da Duwala, lambar ba ta sauya ba.

Daga tashar Bessengue ya hau bensikin, wato babur ɗin haya. Ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, kwatoci sun cika, ɗan babur yana ta ratsa tsakanin masu gasa nama da masu tura amalanke. Bai bi ta shagon Baffa ba. Ya ce a kai shi gida ta baya.

Goggo Larai, babbar 'yar tsohon, ita kaɗai ta rage cikin manyan 'ya'yan da suka daɗe tare da shi. Ya same ta a ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, fanka na juyawa a hankali.

"Baturen gidanmu. Ka ci abinci, ko iska ake ba ku a jirgin?"

"Na ci, Goggo."

"Burodi. Na gani a fuskarka."

Ya zauna a tabarma, ya karanta mata shafin, ya fassara. Hannunta bai tsaya ba sai da ya kai kalmar ƙarshe. Sannan ta ajiye faifan.

"Ashe sun rubuta," ta ce.

"Kin sani ke nan."

"Tura mini ƙofar nan kaɗan."

Ta ce lokacin da suke yara, duk ranar Juma'a mahaifinsu yakan sa a soya waina a raba, ya ce sadakar Ilu ce. Su kuwa dariya suke yi a ɓoye, wai Baba yana yi wa kansa sadaka tun bai mutu ba. Sai ana saura kwana biyu ya cika, tana yi masa fifita, ya gaya mata.

Shi ba Bakatsine ba ne. Daga wani ƙauye ya fito can bayan Damagaram, bai taɓa faɗin sunan garin ba. Ɗan dako ne na fataken goro, ciwo ya kama shi a Eseka suka tafi suka bar shi. Ilu ne ya tsince shi a bakin rumfar leburori, ya riƙa raba abincinsa biyu har wata huɗu. Da ƙasa ta rufto wa Ilu a wurin aiki, shi ya yi masa wanka, shi ya binne shi. Kafin ya sa shi a rami ya cire kwandalar.

"Ba kwandala, ba a shiga Duwala a zamanin. Ita ya nuna a wurin gyaran jirage suka ɗauke shi."

"Ba wanda ya duba rajistan daji?"

"Wa zai duba? Bahaushe ɗaya ne a wurinsu, lamba suke kira."

Jalalu ya buɗe littafinsa. "Mene ne sunansa na gaskiya?"

Ta harare shi. "A Faransa haka ake yi? 'Ya ta kama sunan ubanta?"

"Yi haƙuri, Goggo."

"Annabin da ya ji maganar tururuwa."

Ya rubuta Sulaiman. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sunan Ilu ne a fasfonsa, shi ne a takardun digirinsa biyu, da shi malaman Lyon suka kira shi shekara goma sha ɗaya. Bai ji baƙin ciki ba. Abin da ya ji ya fi kama da na mutumin da ya gano cewa gidan da ya girma a ciki na haya ne.

"Baffa fa?"

"Baffanka yana da shekara sha shida aka rasu. A tamanin da takwas ya haɗa kaya ya tafi Katsina neman dangi. Ina kallonsa yana ɗaure akwati, ban ce komai ba. Ya samo su kuwa. 'Ya'yan ƙannen Ilu. Suka yanka masa rago, tsofaffinsu suka yi kuka, wai ashe ɗan'uwansu ya rayu ya haihu. 'Yarsa Fauziya ma ai can ya aurar da ita, auren zumunci. Yanzu 'ya'yanta huɗu."

"Idan aka faɗa, auren yana nan. Ba abin da ya taɓa shi."

"Auren yana nan. Fuskar Baffanka ce ban sani ba. Mutanen can kuma za ka kashe musu mamaci karo na biyu."

Daga waje ana jin masu aikin masallaci suna buga ƙarfe. Ta ɗauki faifan ta dube shi, ta sake ajiyewa.

"Masallacin nan don Ilu ya gina shi. In an sa sunansa a bango ba ƙarya aka yi ba."

"To a bar shi haka?"

"Ban ce ba." Ta gyara zama da ƙyar. "Shekara hamsin da wani abu ana zuwa maƙabarta, ana tsayawa a kan Baba, ana kiran sunan wani. Allah ya san nasa, ban musa ba. Amma ni kaɗai nake faɗin na gaskiyar, a zuci. Ran da na tafi shi ke nan, kamar ba a taɓa raɗa masa suna ba."

"Ya ce kada ki faɗa?"

"Ya ce in riƙe. Na riƙe. Kai ba a ce maka komai ba, da ƙafarka ka je ka tono."

Jalalu ya yi tunanin mayar da takardar jaka. Abu ne mai sauƙi. Ya ce 1924, mai sassaƙa ya saka, ranar Juma'a a yi addu'a a ci shinkafa. Ba wanda zai sake hawa jirgi zuwa Eseka don duba gefen dama na shafi. Ya kuma yi tunanin saurayin da ya durƙusa a daji ya zare igiya daga wuyan abokinsa, ya rayu shekara arba'in da biyar yana amsa kiran da ba nasa ba. Ko a gaban matarsa. Mutum biyu ne suka kawo gidan nan Duwala, ɗaya bai ƙaraso ba, ɗayan ya ƙaraso ba suna.

Sallamar Baffa ta taso daga tsakar gida, da ƙarar takalmi a kan siminti.

"An ce an ga Jalalu ya shigo ta baya kamar ɓarawon kaji. Ina takardar? Mai dutsen nan ya dame ni da waya."

Goggo ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinta, ba ta ɗago ba.

Jalalu ya miƙe da shafin a hannu, ya fita, ya jawo mata ƙofar har ta rufu.

"Na samo, Baffa. Kira shi ka ce ya dakata. Suna biyu za a sa a allon. Zauna in gaya maka na biyun."