Tsintsiyar Arvo

Glenn ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ƙara na huɗu da ƙafa, don kwanon miyar da matarsa ta ba shi yana ƙona masa yatsu. Shiru. Ƙarfe tara ta wuce labulen kicin bai ɗagu ba, alhali shekara goma sha ɗaya da suka yi suna maƙwabtaka a Hancock, tsoho Arvo bai taɓa kai bakwai bai ɗaga shi ba.

"Arvo, tashi mana. Ko sai na ɗauko maka makaɗa?"

Jiya ma da tsiya suka rabu. Kwana biyu ana zuba ƙanƙara, Glenn ya fito da injin kwashe ta, ya tarar da tsohon a bakin ƙofa yana ɗingishi, tsintsiya a hannu.

"Ina za ka da wannan ƙugun naka? Koma ciki, ni zan yi."

"Kai? Kai da injinka ya cinye min furanni bara?"

"Furannin da suka riga ka tsufa? Shiga ciki, Baba."

Ya share hanyar tas, ya feso ƙanƙarar duka cikin lungun da ke tsakanin gidajensu har ta kai taga. Shi bututun hayaƙin gidansa a kan rufi yake, ko kusa bai kawo a ransa cewa na Arvo ta gefen bango ya fito ba, ƙasa-ƙasa. Bai kuma taɓa tambayar me tsoho yake yi da tsintsiya a lungu kowace safiya ba. Da yamma Arvo ya bugo waya yana cewa kansa na sarawa, jiri na ɗibarsa. Glenn ya ce mura ce, ya rufe tagogi da kyau, gobe miya na nan tafe.

'Yan kwana-kwana ne suka ɓalle ƙofar. Suna shiga na'urar da ke hannun shugabarsu ta kama kuka, ta kora kowa waje. A kujerarsa suka sami Arvo babu rai, bargo a cinya, kofinsa saura rabi. Matar ta zagaya lungu da shebur, ta haƙa har ta kai ga bakin bututun.

"Hayaƙin injin ɗumama gida ne ya rasa hanya, ya koma ciki," in ji ta. "Ba shi da wari, mutum barci kawai yake ji. Wa ya tara wannan?"

Glenn ya tsaya da kwanon miya a hannu.

Kwana uku bai ci abin kirki ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Aila, 'yar marigayin, da ta iso daga Duluth ta rungume shi a gaban masu ta'aziyya tana godiyar ɗawainiyar da ya yi da mahaifinta. Bayan an watse ya bi ta kicin, ya tsaya kansa a ƙasa.

"Aila, ni na toshe bututun. Ya ce min kansa na ciwo, na ce ya rufe tagogi."

Ta kalle shi. Sannan ta jawo durowa, ta fito da batir biyu ta ajiye a kan tebur.

"Na ƙararrawar gargaɗin hayaƙi ne, shi ya cire su. Wai kukanta na hana shi barcin rana. Tun Kirsimeti na gani, dariya na yi."

Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Suka zauna, baturan na tsakaninsu.

Washegari an sake zuba ƙanƙara. Glenn bai ta da injin ba. Ya ɗauki tsintsiyar a bakin ƙofar Arvo, ya shiga lungun, ya durƙusa ya share kewayen bututun a hankali. Ya sa tafin hannu a bakin bututun. Sanyi ƙalau.