Sadakar Baƙo

Hudu ya naɗe hannuwansa da tsohon buhu yana tura karen cikin ɗakin ajiyar gero, karen kuma ya kafa ƙafafu a bakin ƙofa ya ƙi motsi. Uku ya kafa sosai. Ta huɗun, wadda aka kwance wa karan ɗori shekaranjiya, a hankali yake taka ta, kamar mai gwada zurfin ruwa.

"Shiga mana, don girman Allah," in ji Hudu. "Awa guda kawai. Su ci su watse, ka hito."

Karen ya dube shi ya kaɗa jela.

"Baba, sadakarshi ce."

Hudu ya waiga. 'Yarsa Hamsatu ce tsaye a bayansa da kwanon waina a hannu. Ya ƙirga a ransa: kalma uku. Shekarunta goma sha shida. Tana goye aka yi gubar dalma a Yargalma, kafin su dawo Bukkuyum da zama. Allah ya bar masa ita, amma magana ta zo mata a makare, kuma da ta zo ba ta zo da yawa ba. Tun daga nan Hudu ya kamu da ƙirga kalmominta, yadda yake ƙirga tiya a wurin awon geronsa na kasuwa. Ranar da ta yi surutu takan kai ashirin, kuma sha biyar daga ciki da kare take yin su.

Karen yana ɗan kwikwiyo ya biyo ta daga kasuwa shekara huɗu da suka wuce. Uwarta Sahura ta leƙo daga madafa ta ce, "Wanga baƙo fa?" Sunan ya zauna. Shi ma ya zauna.

Mako uku ke nan da wata mota mai ɗauke da buhunan duwatsun zinare ta kwashe Baƙo a bakin titi. Ƙafar baya ta karye, ciki ya yage. Hudu ya sa shi a kwando ya hau kabu-kabu zuwa kara, kasuwar shanu, inda wani malamin dabbobi ya ɗinke cikin, ya ɗaure ƙafar, ya ce shi dai shanu ya sani, sauran sai Allah. A ranar Hamsatu ta rufe baki. Ba magana, ba abinci. Kwana biyu Hudu yana ƙirga babu.

A rana ta uku, bayan sallar La'asar, ya matsa kusa da Liman Faruku ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, a taimaka a sa Baƙo cikin addu'a. Mota ta buge shi, shina kwance rai a hannun Allah."

Liman ya juya ga jama'a. "A ɗan dakata. Baƙon Malam Hudu ya yi haɗarin mota."

Hudu ya buɗe baki zai gyara, sai ya ga hannuwa sun riga sun tashi. Mutum kusan arba'in suka ce amin. Ba a tsayar da amin ɗin mutum arba'in a ce musu kare ne. Saboda ruɗewa ma sai ya ji bakinsa yana ƙarawa da cewa in Baƙo ya tashi, zai yi sadakar waina da fura a ƙofar gidansa.

Washegari 'yan dubiya suka fara zuwa. Hudu ya tare su a zaure, ya ce mai jikin ba ya son a taru a kansa. Ya yi wa kansa alkawari ba zai yi ƙarya ba, kuma a iya saninsa bai yi ba.

"Mutumin ina ne?" suka tambaya.

"Wallahi a kasuwa muka gamu."

"Mi yake sana'a?"

"Gadi."

"Allah sarki. Shina iya salla kuwa?"

"Ko tsayuwa bai iya ba tukuna."

"Shina da iyali?"

Hudu ya tuna 'yan kwikwiyon da ke bayan injin niƙa, masu farin wuya irin na Baƙo. "Ba a rasa ba," ya ce.

Gwaggo Ma'u ta maƙwabta ta aiko da farfesun kaza sau biyu. Hamsatu ta riƙa ɗiga wa karen romon a baki da ludayi, a rana ta biyar ya lasa da kansa, ita ma a ranar ta ci loma huɗu. Wani ya kawo ƙwai. Ladan Sambo ya kawo hula sabuwa, ya ce in mai jiki ya tashi ya sa ya zo masallaci.

Wanda ya fi ba Hudu wahala shi ne Shehu maɗori. Ya zo da jakarsa ya ce ba a taɓa karaya a unguwar nan an kai wani wuri ba tun zamanin kakansa. Da Hudu ya hana shi shiga, sai ya ce ba komai, akwai ɗorin nesa. Ya sa aka kamo zakaran Sahura, ya tambayi wace ƙafa ce.

"Ta baya," in ji Hudu.

"Ta baya kamar yaya?"

"Ta hagu nike nuhi."

Shehu ya karya ƙafar hagun zakaran, ya tofa, ya ɗaure da tsinke da zare. Ya ce ranar da zakara ya taka, baƙo zai taka. Gidan Hudu ya koma da majinyata biyu, Sahura kuma ta yi kwana uku ba ta gaishe shi da kirki ba.

To yau ga Juma'a, Baƙo ya tashi, zakara ya tashi, alwashi ya zo cikawa. An shimfiɗa tabarmi huɗu a ƙofar gida. Hudu ya riga ya shirya abin da zai faɗa: baƙo ya ji sauƙi, ya bi motar Gummi da sassafe, ya bar gaisuwa. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, ya sani. Tun safe yake maimaita ta a baki don ta yi laushi, ta ƙi.

Da ƙyar ya samu karen ya shige ɗakin geron. Kafin ya ja ƙofa, Hamsatu ta sunkuya ta ƙarƙashin hannunsa ta shige ita ma. Ta zauna a kan buhu, ta ajiye kwanon wainar a ƙasa, ta tura shi gefe da ƙafa.

"Hamsatu, hito. Akwai zahi ciki."

Shiru.

"Ɗiyata, mutanen ga za su yi muna dariya. Kin san ina da wurin awo a kasuwa. Wa zai sayi gero hannun wanda ya sa Liman ya yi ma kare addu'a sati ukku?"

Ba ta dube shi ba. Ta ɗora hannu a wuyan karen.

Sahura ta zo wucewa da ƙwaryar fura. "Kai dai ka san halinta," ta ce. "Wancan karon kwana biyar ta yi. Ni na gama nawa, ga hura nan. In ka ga dama ka ce musu zakarana ma ya bi motar Gummi."

Aka yi sallama a waje.

Sun fi yadda ya zata yawa. Liman Faruku a tsakiya, Ladan Sambo a damansa, Shehu maɗori ya zo da wasu mutum biyu daga Anka waɗanda ya ce suna son su ga aikinsa da idonsu. Aka ci waina, aka zagaya da fura. Hudu yana ta kai da kawo, gumi ya jiƙa bayan rigar Juma'arsa. Kunnensa ɗaya yana wurin baƙi, ɗayan yana cikin gida. Ba ya jin komai daga can, kuma wannan shirun ya san shi.

Liman ya goge hannu. "To Malam Hudu, alhamdu lillahi. A hito muna da mai jiki mu gaisa, mu yi addu'ar godiya shina zaune."

"A ce ya taka a hankali," in ji Shehu. "Amma ya taho da ƙahwarshi, kar a riƙa shi. Ina son mutanen ga su gani."

Hudu ya tsaya a bakin zaure. "Allah gafarta Malam, shi dai Baƙo..." Ya waiga cikin gida. "Da sassahe..."

Kowa ya zuba masa ido. Motar Gummi tana nan a kan harshensa, da direba da kaya, ta ƙi tashi.

"Ina zuwa," ya ce.

Ya buɗe ɗakin geron. Kwanon wainar yana inda ta tura shi, ƙudaje sun fara sauka. Ko karen bai taɓa ba. Hamsatu ta ɗauko hular da Ladan ya kawo ta ɗora wa Baƙo a ka, kunne ɗaya ya leƙo ta gefe. Su biyun suka ɗago suna kallonsa.

Hudu ya daɗe a tsaye. Ya tuna wurin awonsa. Ya dubi kwanon.

"Cire mai hular," ya ce. "Ku taso."

Shi ne a gaba, Hamsatu a baya, Baƙo a tsakaninsu yana ɗan ɗingishi. Zakaran Sahura, wanda ya saba bin duk inda waina ta nufa, ya biyo su da nasa ɗingishin. Haka suka fito ta zaure.

"Ga shi," in ji Hudu, idonsa a ƙasa. "Sunanshi Baƙo."

Wani tsoho ya janye ƙafarsa daga bakin tabarma. Wani ya ajiye ludayin fura a hankali. Ɗaya daga mutanen Anka ya leƙa bayan Hudu, ko akwai wani mai fitowa. Karen ya zauna nesa da tabarmi, a inda ya saba zama, ya yi hamma.

"Gadi," in ji wani daga baya. "Ai ko ya ce muna gadi yake."

"Kuma bai iya salla."

Dariya ta fara daga can ƙarshen tabarma, tana tahowa. Hudu ya ji ta kamar ruwan zafi a wuya.

Shehu maɗori bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya zagaya karen daga nesa, hannu a baya, yana duban ƙafar. Ya dubi zakaran. Ya juya ga mutanen Anka.

"Kun gani? Ta hagu. Rana ɗaya suka taka. Ko ganin shi ban yi ba, ko sanin wane iri ne ban yi ba, amma ɗori ya kama."

Mutanen Anka suka gyaɗa kai.

Hudu ya durƙusa gaban Liman. "Allah gafarta Malam, a yahe mani. Na so in gyara tun ranar, hannuwa suka riga ni."

Liman Faruku ya ɗauki wainar ƙarshe a kwanonsa ya raba biyu. "Malam Hudu, tun kwana na huɗu na sani."

"Ka sani?"

"Shekara huɗu ba mu taɓa makara da Asuba ba. Baƙonka ya kwanta, Ladan ya makara. Washegari ya makara. Na ce mai lahiya? Ya ce shi ma bai gane ba, da can akwai wani kare da ke tashe shi ta bayan katangarka, kwana biyu bai ji shi ba." Ya kai waina baki. "Sai na haɗa."

Ladan Sambo ya gyara zama. "Ni agogo gare ni a waya."

"Shina nan a waya," in ji Liman. "Sau tara ka makara cikin sati ukku."

"To Malam, mi ya sa ba ka tsai da addu'ar ba?" in ji Hudu.

"In tsai da ita in samu wane ladan?"

Aka ɗaga hannuwa. Liman ya yi godiya ga Allah da ya tashi kafaɗar mai jiki, bai faɗi suna ba, bai faɗi iri ba. Wasu suka ce amin da ƙarfi, wasu suka ce a ciki. Tsohon da ya janye ƙafa ya tashi ya tafi bai shafa ba, kuma Hudu ya san gobe da wuri labarin zai riga shi isa kasuwa.

Ana neman takalma Hamsatu ta matso. Ba ta taɓa tsayawa gaban maza haka ba. Ta miƙa wa Ladan hularsa da hannu biyu, sannan ta dubi Liman.

"Ya gode. Shi bai iya hwaɗi ba, shi ya sa ni na hwaɗa."

"Madalla, ɗiyata," in ji Liman. Ya juya ga Hudu. "A mai da shi jikin katanga yau. Ta wajen ɗakin Ladan."

Ladan yana juya hular a hannu, ya ciro wani gajeren farin gashi daga cikinta, ya dube shi, ya sa hular a aljihu.

Hudu bai ji sallamar da aka yi masa ba. Yana tsaye yana lanƙwasa yatsu. Ya kai goma, yatsu suka ƙare, ya sake farawa. Sha uku, a jere, kuma ko ɗaya ba da kare ta yi ba. Ya sake ƙirgawa don kada ya zama ya yi kuskure.

A bakin zaure Hamsatu ta zauna da kwanonta. Ta ci ɗaya, ta jefa wa Baƙo ɗaya, ta gutsura wa zakaran.