Hantsin da Na Shafa a Silin

Ni na cire agogo daga gidan cacan nan na bakin tekun Manila. Ni na toshe tagogi, na shafa wa silin launin hantsi, na murɗa hanya yadda sai mutum ya gifta injin caca sittin kafin ya ga ƙofa. A ofis kowa cewa yake ba a tilasta wa kowa shiga ba. Ƙarya muke yi wa kanmu! Fita muke hanawa. A jami'a na rubuta takarda mai zafi kan wannan mugunta, da na ga albashi na ninke ta.

Ran Asabar ƙanena Efren zai tafi aikin jirgin ruwa na shekara biyu. Burinsa ɗaya, ya ɗora hannun Nanay, mahaifiyarmu, a goshinsa don neman albarka kafin ya tashi. Ƙarfe uku ya kira ni daga filin jirgin sama, inda zai tashi zuwa wurin aikin.

"Kuya, yayana, ina Nanay? Ƙarfe huɗu za a rufe ƙofa."

Maƙwabta suka ce tun safe ta bi motar da gidan cacan ke turo wa tsofaffi, wai za ta ci taliyar kyauta ta dawo.

Na shiga gidan cacan da gudu, na ɓata. Ni! Sau biyu ina dawowa gindin ginshiƙi ɗaya. Mai gadi ya tuntsire da dariya.

"Yallaɓai mai zane, kai ma ya haɗiye ka?"

A wani lungu na same ta, kan kujera mai laushin da na zaɓa da kaina. Na sunkuya in gaishe ta, ta miƙo hannun hagu. Na dama yana kan maɓallin injin caca.

"Nanay, Efren fa!"

"Kai dai Rodel akwai gaggawa, a wata takwas ma ka fito." Ta ɗaga kai ta dubi silin. "Ko rana ba ta yi tsaka ba."

Na nuna mata wayata. Huɗu da kwata, ga saƙon Efren: "Na shiga. Ka ce mata ba komai."

Ta daɗe tana kallon hannunta na dama. Tsohuwar da ke kusa da ita ta leƙo.

"Nenita, wannan ne ɗan naki da ya zana wurin nan? Kai, kin haihu!"

"Shi ne," in ji Nanay a hankali.

Ta miƙe, ta rataya jaka, ta dubi hagu, ta dubi dama.

"Ɗana, ta ina ake fita?"