Ɗigo Biyu a Kunnen Ɓera

Zuhura kiwon ɓeraye take yi, kuma a kan haka ake biyanta albashi. Mutanen Tasawa sun kasa haɗiye wannan labari. A ce mutum ya ƙare lakwal, ya wuce jami'a, ya ƙetare ruwa, ƙarshenta yana wani ɗakin bincike yana ba ɓera abinci. Yayanta Sirajo, mai fentin motoci a bayan tasha, shi ya fi kowa yi mata tsiya, ko a waya ba ya gaishe ta sai ya tambayi lafiyar garken.

Aikin kuwa ba na dariya ba ne. Akwai wani ruwa da ake zubawa a fentin mota don ya bushe da tauri, masu sana'ar na ce masa dursisar. Shi Zuhura take ɗigawa a bayan kunnen farin ɓera. Ba abin da ke faruwa. Bayan mako guda ta sake ɗigawa, ɓera ya ci gaba da harkarsa, har ƙiba yake yi. A mako na uku sai a shaƙa masa ɗan mitsitsi, wanda ba zai sa wani ɓeran ko atishawa ba. Nan take hanyar numfashinsa ta tsuke. Jikin ya riga ya san ruwan ta fata, kuma ba ya mantawa.

Da ta zo hutu gida ta leƙa rumfar Sirajo da hantsi. Ta same shi ya naɗe hanci da baki da rawani, ido kawai ake gani, yana ji da kansa kamar likita. Hannuwan kuwa tsirara suke har gwiwa. Ya zuba dursisar, ya motsa da kara, ya share bakin gwangwanin da yatsa, da ya gama feshi ya wanke hannu da esans, wato fetur. Sai ga Rukaiya mai tallar nono, wadda ba ta fashin rumfar ko rana ɗaya. Ya shanye ƙwarya guda, ya yi gyatsa. Duk masu fentin garin haka suke yi, wai nono na wanke dafin da aka shaƙa.

Da ya zauna kusa da Zuhura ta ji wani siririn fito yana fita daga ƙirjinsa. Ta san abin da fiton yake nufi.

"Yaya, tun yaushe kake wanga numfashi?"

"Mura ce. Ran Juma'a in ban yi aiki ba, ras nike."

"Ba mura ba ce, asma ce. Ta hannunka ta shiga."

Ya ɗaga hannun ya juya shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke Zuhura, da hannu aka numfashi? Ni hwa ba ɓeranki ba ne."

Ta yi bayani, ta yi roƙo, har da hawaye, abin da ba halinta ba ne. Ta ce masa yanzu ko rawani goma ya naɗa bai tsira ba, sai dai ya bar sana'ar. Shekara goma sha bakwai Sirajo yana riƙe da bindigar feshi, ba shi da wani abin da ya iya kamarta. Damina ce ta raba gardamar. Ruwa ya sauka, ya kulle rumfa ya tafi ƙauyen Sarkin Hausa noman gonar mahaifinsu, ita kuma ta koma bakin aikinta da ɗan sanyi a rai.

Wata huɗu yana cikin gero bai yi tari ko sau ɗaya ba. Wannan lafiyar ce Zuhura ta fi tsoro, ta kuma gaya masa. Amma wa zai yarda yana da ciwo alhali yana huɗa daga safe har azahar?

Bayan girbi, wata ranar Talata da rana, wayarta ta yi ƙara. Tana ɗauka ta ji rurin injin feshi a bayansa.

"Hajiyar ɓeraye, kin ji ni? Na warke sarai. Ɗan Malam direba ya kawo ƙohwar mota guda, ƙohwa ɗai ce, yanzu na buɗe gwangwanin."

"Yaya, ka hita daga rumfar nan."

"Minti goma na gama. Na ce bari in kira ki ki ji da kunnenki, ba wani..." Ya tsaya ya ja iska. "Ba wani... tari."

"Akwai mutum kusa da kai? Ka ba shi wayar, a kai ka asibiti yanzu."

"Sun tahi... masallaci."

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Tana jin fiton yana ƙara siririncewa, tana jin ƙarar ƙarfe ya faɗi a kan siminti. Ta kira sunansa tsirara, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ta cikin wayar, daga can nesa, liman ya yi kabbarar farko, da sauran raka'a huɗu kafin a sallame.