Babur a Cikin Bargo

"Sake murɗawa, Muhsina. Murɗa da kyau!" na ce.

Muhsina ta sake murɗa makullin. Ɗan gilashin da ke gaban babur ɗin, wanda ya saba kawo koriyar wuta, ya tsaya baƙi ƙirin. Ta zare makullin, ta hura masa iska, ta goge shi da gefen hijabinta, ta mayar. Shiru.

A bayanmu mahaifinta, Malam Wada, yana zaune a gindin rumbu ya miƙe ƙafar dama. Matarsa Saude ta ɗaure masa ita da ɗankwali a ƙasan gwiwa. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu yana cikin share rumbun don sabon hatsi. Macijin na yashe a gefe, ya kashe shi da ƙotar fartanya kafin ma ya kira kowa.

"Ku bi babur ɗin a hankali," in ji shi. "Wata huɗu yana kwance. Ku ba shi lokaci ya farka."

Ni ce Hasana, maƙwabciyarsu. Katanga ɗaya ce ta raba mu shekara ashirin da shida. Tun da mijina ya rasu nake sayar da ƙanƙara da zoɓo, kuma ni kaɗai ke da sola a unguwar. Duk mu huɗun da ke tsakar gidan nan a wannan hantsi, ni kaɗai na san cewa babur ɗin ba barci yake yi ba.

Unguwarmu gida goma sha ɗaya ce, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, tafiyar awa guda a ƙafa kafin a kai kwalta. Ranar ana gayyar yankan shinkafa a fadama, duk wani mai ƙarfi ya tafi can. Babur biyu masu shan fetur muke da su a unguwar. Ɗaya ya bi 'yan gayya, ɗayan kuma mai shi, Hamman, ya tafi kasuwa da shi tun da sassafe. Muhsina ta kira shi sau biyar, wayarsa a kashe.

"Inna Hasana, kawo caja," in ji ta. "Ko minti goma ne mu sa shi."

Na ruga gida, na zare firizata, na zuro wayar wutar ta kan katanga kamar yadda muka saba. Muka jona. A da, da an jona sai cajar ta kawo jar wuta ta fara ɗan gurnani. Ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Babur ɗin mai caji ne, ɗan Malam Wada, Abdulganiyu, ya aiko masa da shi daga Kaduna shekara biyu da suka wuce, don gwiwoyin tsohon sun gaji da keke. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, sai dai ka ga mutum ya gifta ka kamar iska. Malam Wada ya ƙaunaci abin nan fiye da kima. Shi mutum ne mai tattali har ya yi yawa. Na san shi da takalmin Idi ɗaya shekara tara, kuma ba don babu ba. Kullum da safe sai ya goge babur ɗin da tsumma kafin ya karya, har nakan ce masa, "Malam, saura ka shafa masa turare."

"Ki yi dariyarki," yakan ce. "Abin da ka kula da shi, shi ke kula da kai."

Wani a kasuwa ya gaya masa cewa batirin babur irin wannan yana da adadin cajin da zai ɗauka, in ya cika shi ke nan. Wannan magana ta zauna masa daram. Daga nan ya fara rowar caji. Damina na faɗuwa ya ce ai hanya duk taɓo ce, ruwa kuma ba ya shiri da wuta, gara a hutar da shi yadda ake hutar da san noma bayan huɗa. Ya hau shi har wutar ta ƙare ƙaf, don kada ta yi tsami a ciki, in ji shi. Ya tura shi ɗakin ajiya, ya ɗora tayoyin a kan bulo, ya lulluɓe shi da bargo.

Bayan haka da kamar mako uku Ukasha ya zo duba mini sola. Shi ne bakaniken da ya kafa mini ita, a Tudun Wada shagonsa yake, kuma shi ke duba babur ɗin. Ya leƙa gidan Malam Wada, ya tarar yana gona. Yana haɗa kayansa ya ce mini, "Inna, don Allah ki gaya wa Baba, batirin nan ba ya son zama babu wuta. Ko ba zai hau ba, ya riƙa sa masa caji duk wata. In ya bar shi fanko har kaka, zai mutu, kuma ba ya tashi."

Na ce to.

Ba mantawa na yi ba, gara in faɗi gaskiya. Damina ce, hadari kullum, rana sai a yini ba a gan ta ba. Firizata da ƙyar take daskarar da rabin ƙanƙarar. Babur ɗin kuwa in aka jona shi, wutar yini guda yake shanyewa, kuma ban taɓa iya buɗe baki na ce masa a'a ba. Mutumin da ya tsaya a kan jana'izar mijina, ya gyara mini katanga sau biyu, da wane bakin? Da ya lulluɓe abinsa da kansa sai na ji wani sanyi a raina. Na ce zan gaya masa in hadarin ya yi sauƙi. Hadarin ya yi sauƙi, na ce gobe. Kullum muna gaisawa a ƙofar gida, kullum saƙon na bakina, ina haɗiye shi.

"Ba ya ɗauka," in ji Muhsina. "Inna, ba ya ɗauka!"

Saude ta dube ni, ta dubi ƙafar. Kumburin ya haura ɗaurin ɗankwalin.

Baro muka ɗauko, wanda nake kai ƙanƙara bakin hanya da shi. Muka shimfiɗa tabarma da matashi a ciki. Malam Wada ya ƙi fir.

"Ni za ku tura a baro kamar buhun taki? Mata uku? Unguwa ta gani?"

"Malam, babu kowa a unguwar," in ji Saude. "Don girman Allah ka shiga."

Ya shiga. Ya ja hularsa ya rufe fuska.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo ba sai ranar. Dawa ta yi kai ta rufe gefe da gefe, babu iska ko kaɗan. Tayar baron tana nutsewa a yashi, sai mu ɗaga, mu ja da baya, mu sake turawa. Ni da Muhsina muke karɓa-karɓa, Saude na riƙe da ƙafar don kada ta bugu da ƙarfe. Muhsina ta iya babur ɗin nan sarai, ita ke zuwa makarantar da take koyarwa da shi in mahaifinta ya yi mata alfarma. Da ya tashi, minti goma ne zuwa kwalta, rabin awa zuwa asibiti. Wannan lissafin na yi ta yi a zuciyata, ina turawa, gumi na shiga mini ido.

A tsakiyar hanya ya ɗaga hular ya tofar da yawu. Na ga ja a ciki. Na ɗauke kaina.

Sai da aka yi azahar muka kai kwalta. Motar farko ta wuce mu, ta biyu a cike take da tumatir, ta uku ce ta tsaya. Ana kiran la'asar muka shiga asibiti. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, na gani da idona. Aka yi masa allurar maganin dafi, aka sa ruwa. Wata ma'aikaciya ta tambayi lokacin da macijin ya sare shi, Muhsina ta faɗa mata. Matar ta dubi agogon hannunta, ta rubuta.

Kwana uku ya yi. Ni na riƙa komawa gida ina dafo musu abinci. Abdulganiyu ya iso washegari, aka ɗebi jininsa aka ƙara wa mahaifinsa. Ƙafar ta yi baƙi har cinya. Jini kuma ya ƙi tsayawa, ta dasashi, ta wurin allura, ta ko'ina.

A rana ta uku da hantsi na same shi shi kaɗai. Saude ta fita alwala, su Muhsina sun tafi karɓo magani. Ya rame a kwana ukun nan kamar ya yi jinyar shekara. Na ajiye kwanon kunu, na zauna a kan benci.

"Sannu, Malam. Yaya jikin?"

"Da godiya, Hasana. Kin sha wahala da mu."

Na so ya yi mini faɗa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Malam, akwai abin da zan gaya maka," na ce. "Tun farkon damina Ukasha ya ba ni saƙo. Ya ce ka riƙa sa wa babur caji duk wata, in ba haka ba batirin zai mutu. Ban gaya maka ba. Saboda ƙanƙarata na ƙi gaya maka."

Ya daɗe yana kallon silin. Har na ɗauka bai ji ba. Ƙuda ya sauka a kan zanen da aka rufa masa, na kore shi.

"Wannan ce ta sa kika kasa haɗa ido da ni tun shekaranjiya?"

Na gyaɗa kai.

"Ai ya gaya mini da kansa," in ji shi a hankali. "Mun haɗu a kasuwa, wajen masu taki. Ya ce in riƙa caji. Na ce masa yaro ne, me ya sani. Kin san ni da taurin kai." Ya ɗan yi tari, ya goge bakinsa da gefen zane. "Ko kin faɗa ba zan ji ba. Cire wannan daga ranki. Zuba mini kunun nan ko cokali biyu ne."

Na zuba masa. Cokali ɗaya ya sha. Na yi kuka a wurin, kukan da rabinsa na sauƙi ne, ba zan ɓoye ba.

Ya cika bayan la'asar, Saude na riƙe da hannunsa, Abdulganiyu na yi masa kalmar shahada. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka kawo shi gida a mota, aka binne shi kafin magariba. Shinkafar da aka yanka ranar gayya tana nan tare a fadama, ba wanda ya koma ta kanta sai bayan sadakar uku.

Na san ajali ne. Limaminmu ya faɗa, Saude ma ta faɗa, ni ma na yarda. Na koma sana'ata, ina cin abinci, ina barci. Duk sanda zuciyata ta taso da maganar sai in ce mata, ai ya sani, shi ya ƙi.

Bayan sadakar bakwai Abdulganiyu ya kira Ukasha ya zo ya duba babur ɗin, ko za a iya tashinsa a bar wa Muhsina. Ina gidan, muna tsince shinkafa da Saude a inuwar rumfa. Ukasha ya yi gaisuwa, ya durƙusa ya buɗe ƙarƙashin kujerar, ya ɗora wata 'yar na'ura a kan batirin. Ya girgiza kai.

"Ya mutu murus. Sai dai sabo." Ya shafa jikin babur ɗin. "Kai, dubi yadda ya riƙe shi. Ko ƙwarzane babu. Wannan batirin da ya yi shekara uku nan gaba."

Saude ta tashi ta shiga ɗaki kawo masa ruwa. Abdulganiyu ya fita amsa waya. Ban san abin da ya kai bakina ba.

"Ka dai gaya masa a kasuwa, bai ji ba," na ce.

Ukasha ya ɗago.

"Wace kasuwa, Inna?"

"Wajen masu taki. Da damina."

"Ni?" Ya yi ɗan tunani. "Wallahi rabona da Baba tun kafin ruwan farko. Ai shi ya sa na bar miki saƙon. Bayan nan ma Kano na tafi koyon aiki, sai watan jiya na dawo." Ya mayar da murfin, ya ɗaure. "Allah Ya jiƙansa. Mutumin kirki ne."

"Amin," na ce.

Saude ta kawo ruwan, ya sha, ya yi godiya. Ya ce sai ya kai babur ɗin shago, zai tura shi zuwa kwalta ya sa a mota. Saude ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ja farantinta.

"Hasana, kin zuba tsakuwar a cikin shinkafar," in ji ta.

Na duba, haka ne. Na fara tsincewa daga farko.

Ukasha ya kama hannayen babur ɗin ya fita da shi ta zaure. Ta ƙofar ina hango shi yana turawa a cikin yashi, ya sunkuyar da kai. Zanen tayar ya fito raɗau a ƙasa, kamar yau aka sayo ta, layi ɗaya ɗoɗar tun daga bakin zauren har inda hanya ta shige cikin dawa.