Awon Auta

Marin farko ya haɗa Auta da keken ɗinki, na biyu ya fasa mata leɓe. Almakashin da ke hannunta ya faɗi kusa da rigarta, wadda ta tsarge tun daga wuya har ƙasa.

"Don ubanki, riga ta nawa ke nan?" Mai Ɗinki ta daka wa 'yarta tsawa. "Haukata ni za ki yi?"

Yarinyar 'yar shekara shida ce. Uwar ta fizgo igiyar keke ta shiga tsula mata ta ko'ina. Da igiyar ta tsinke ta rarumo katakon awo. Auta ta kare fuska da hannu, katakon ya sauka a gwiwar hannun, ji kake ƙas!

Sallamar da aka yi a ƙofa ce ta cece ta. Matar mai kanti ce ta kawo 'yarta awo. Kai, ka ga ikon Allah! Nan take fuskar Mai Ɗinki ta washe kamar ba ita ba.

"Zo nan 'yar gidana, ɗaga hannuwa in gani. Iye, wannan tumbi duk naki ne?"

Ta durƙusa ta zagaya tef a ƙirjin yarinyar, kumatunsu na gogar juna, suna dariya. Auta na bayan labule tana leƙe, jini na ɗiga a haɓarta.

* * *

Kafin la'asar hannun ya kumbura suntum. A asibiti nas ta tambayi abin da ya faru.

"Faɗuwa ta yi," in ji Mai Ɗinki.

Nas ta dubi shatar igiya a bayan yarinyar, ta dubi uwar.

"Ko? Wannan faɗuwa ta iya zane."

Kunya ta rufe Mai Ɗinki, amma a ranta cewa take: ni kaɗai nake ci da mu, idona ya kusa tsiyayewa a kan allura, sannan 'ya ta riƙa yanka tufa? Tana son Auta, wallahi tana sonta. Ta dai kasa gane me ke damun yarinyar.

* * *

Washegari ta ɗauko ragowar yadi za ta ɗinka mata wata riga mai faɗin hannu saboda filasta. Ta kalli Auta da ido kamar kullum, ta kai almakashi.

"Umma," Auta ta ce a hankali, "ba za ki auna ni ba?"

"Ke da na haifa? Ai da ido nake sanin awonki."

"Na yanka waccan riga, na yanka waccan, duk ba ki auna ni ba. Su 'ya'yan mutane kina rungume su."

Almakashin ya tsaya a hannun Mai Ɗinki. Ta lalubi ranar da ta rungumi yarinyar nan tun bayan yaye, ta rasa.

Ta zare tef daga wuya, ta durƙusa. Da hannunta ya matso, sai Auta ta runtse ido ta noƙe kai. Da ta ji ba duka ba ne, ta miƙe tsaye ƙyam, ta buɗe hannuwa yadda ta ga 'ya'yan mutane na yi.

Hannu ɗaya ne ya ɗagu.