Kalmar da Mai Fenti Ya Ƙara

"A hankali! Ka bi min shi a hankali, keken nan ya girme ka!"

Tela ce ke wannan ihun, tana biye da Mai walda, wanda ya saɓo keken ɗinkinta a kafaɗa kamar buhun auduga yana ratsa mutane. Bai ko waiwayo ba. Ya dire shi a tsakiyar sabon shagonta, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ga tsohonki nan, Anti, ko tari bai yi ba."

Ranar ce ƙungiyar 'yan kasuwa da masu sana'a ta unguwar ke buɗe sababbin shagunanta, kuma tun da safe wurin ya kacame. Layi biyu ne suna kallon juna, ƙofofi shuɗɗa, ko'ina warin siminti da ɗanyen fenti. Mai aski na rungume da madubi yana roƙon jama'a su ba shi hanya, mai injin niƙa na faɗa da ƙusoshi, mata na jera kujerun roba. Tela ta tsaya a tsakar ɗakin da yau aka ce nata ne, ta ɗaga kai ta ga rufi babu ko huda ɗaya, sai ta ji dariya ta kuɓuce mata ita kaɗai. Shekara da shekaru a bakin ƙofar ɗakin haya take ɗinki, hadari na haɗuwa ta kwashi kayan mutane ta ruga ciki.

Amma rabin hankalinta na gida, wajen maƙwabcinta Baba Sikeli, wanda katanga ɗaya ta raba su. Gyaran sikeli ne sana'arsa, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Shi ya ja ta zuwa ƙungiyar tana noƙewa. "Ɗinki kin iya, 'yata," in ji shi, "amma kasuwa ko ƙofarta ba ki sani ba." A can aka koya mata yadda ake karɓar aiki da yawa ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba, a can aka haɗa ta da makarantar da yanzu take ɗinka wa kayan ɗalibai. Filin shagunan nan kuwa juji ne a da. Baba ne ya ɗora wa kansa zaryarsa da sunan ƙungiya, daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ya dawo amma yana taro, har masu gadi suka daina tambayarsa wurin wa ya zo.

Yanzu da abin ya tabbata, sai jiki ya ƙi. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai ya yi kokawa da shi, likita ya ce kada ya motsa daga gado. Jiya da yamma da ta shiga gaishe shi ya riƙe mata gefen mayafi.

"Ni ba jawabi nake so ba. In ga wurin nan da idona, in ji ƙarar inji a cikinsa. Shi ke nan."

Tela ta ce za a yi. Sai da ta yi wa autarsa, wadda ke jinyarsa, magiya kamar za ta durƙusa kafin ta yarda, shi ma da sharaɗi. "Yaya, kada a bar shi ya ga abin da zai tayar masa da hankali, kuma kafin rana ta take ya dawo gida. In wani abu ya faru, ke zan riƙe." Mai gidan burodi ya ce shi zai ɗauko su a motarsa.

Tana cikin goge keken ne iska ta taso, ta ɗaga babban mayafin da aka rufe allon saman babbar ƙofa da shi. Ƙungiya ta yanke shawarar sa wa wurin sunan Baba, kuma an ɓoye masa don ya zama abin mamaki. Tela ta leƙa tana murmushi, sai murmushin ya tsaya mata a fuska. Da jan fenti, manyan haruffa raɗau, an rubuta: SHAGUNAN TUNAWA DA MARIGAYI BABA SIKELI.

"Na shiga uku! Ina Mai fenti? Ku nemo min Mai fenti!"

Aka zaƙulo shi daga bayan shagon aski da kofin shayi a hannu. Sakataren ƙungiya ma ya rugo, hularsa a karkace.

"Kai, wa ya ce maka ya mutu?" Tela ta nuna allon. "Mutumin da na kai wa ruwan zafi da safen nan?"

Mai fenti ya dubi allon, ya dube ta, ya ajiye kofin a ƙasa. "Anti, wallahi tun da nake rubuta allo ban taɓa ganin an sa wa gini sunan mai rai ba. Sakatare ne ya kira ni a waya, ya ce a sa sunan Baba don a riƙa tunawa da shi. Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce min amin!"

"Ni?" Sakatare ya dafe ƙirji. "Ina kan babur, iska cike da kunnena! Na zaci cewa ka yi Allah ya ja kwanansa!"

Da wani lokaci ne da an kwashe da dariya har a faɗi, amma Tela ba ta ga abin dariya ba. Tsoro ne ya kama ta sosai. Ta tuna sharaɗin Auta, ta tuna yadda ƙirjin tsohon ke hawa da sauka, kuma ga shi ita da bakinta ta jawo shi ya zo ya karanta mutuwarsa a saman ƙofa.

"Goge shi! Yanzu!"

"Farin fenti ya ƙare, Anti. Shuɗi ya rage, da ɗan ja."

"Tsani fa?"

"Masu haɗa wuta sun tafi da shi can baya."

Ta ruga shagonta, ta fizgo wani dogon ƙyalle ruwan ɗorawa daga cikin ragowar yadi, ta hau keke. Aikin farko da tsohon keken ya yi a sabon ɗaki ke nan, kuma bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ta kalmashe bakin ƙyallen, Mai walda ya zura waya a ciki, ya hau kan tebur, aka ɗora masa kujera a kan teburin, mutum uku na riƙe da ƙafafunta kowa na ba shi umarni daban. Ya ɗaure ƙyallen a kan kalmar, ya sake sako babban mayafin a kai. Ƙafarsa na taɓa ƙasa aka ji hon ɗin motar burodi daga bakin titi.

Wuri ya ɗauki tafi da sowa. Aka fito da Baba a kan kujera, an sa masa farar rigarsa wadda yanzu ta yi masa yawa, Auta na gefe da lema da gorar ruwa tana harare-harare. Ya rame ƙwarai, amma idanun nan nasa na mai duba allurar sikeli suna nan yadda suke. Ya bi layin shagunan da kallo ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Nan fa juji ne," ya ce da Auta. "Nan daidai akuya ta taɓa cinye min takarda."

Sakatare ya fara jawabi, ya ga ba mai sauraro, ya taƙaita. Aka miƙa wa Baba igiyar mayafin. Tela ta runtse ido tana addu'a a zuci. Ya ja, bai motsa ba. Ya sake ja da hannu biyu, mayafin ya zamo, kuma a hanyarsa ta saukowa ya ƙwamuso wayar Mai walda, ya taho da ƙyallen Tela gaba ɗaya. Su biyun suka faɗo a gaban kujerar.

Tafin da aka fara ya mutu a hannun mutane. Auta ta karanta, ta juyo ta dubi Tela da idon da ya ciko da ƙwalla. "Yaya, abin da kika kira shi ya gani ke nan?"

Tela ta sunkuyar da kai. Ji ta yi kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

Baba kuwa ya ɗaga kai yana bin haruffan a hankali, don karatun boko bai taɓa yi masa sauri ba. Da ya kai kan kalmar sai ya tsaya. Kafaɗunsa suka fara rawa. Auta ta zabura da gorar ruwa, ta ɗauka numfashin ne, ashe dariya ce, irin wadda ta fi ƙarfin ƙirjinsa, tana fita haɗe da tari.

"Wa ya rubuta?"

Aka turo Mai fenti gaba, yana murza hannuwa. "Baba, ka yafe min, kuskure ne, gobe da sassafe zan..."

"Rubutunka ya miƙe, ɗana. Babu harafin da ya fi wani nauyi." Ya share ido da bayan hannu. "Kada wanda ya taɓa min shi. Duk zaryar da na yi a duniyar nan, ban taɓa ganin aikin da aka gama kafin lokacinsa ba sai wannan. Ashe ƙungiya ta ci gaba!"

Sai wurin ya fashe. Mai walda ya riƙe ciki ya durƙusa, Sakatare na dariya yana goge zufa da hula, Auta ma ta yi, hawaye na bin kumatunta. Tela ta ji sauƙi ya zo mata, ta zauna a bakin dakali.

Daga can baya wani ya yi ihu cewa an haɗa wuta. Fitilu suka kama a layi biyun lokaci ɗaya, kowa ya ruga shagonsa kamar an saki 'yan makaranta. Injin niƙa ya fara, na walda ya amsa, na aski ya shigo da 'yar siririyar muryarsa.

"Baba, rana ta yi, mu tafi," in ji Auta.

"Ki bar ni kaɗan. Ku kai ni shagon 'yata."

Aka ajiye kujerarsa a ƙarƙashin fanka, kusa da keken. Ya tuɓe hularsa ya miƙa wa Tela, bakin hular ya ɗan warware. "Ga aiki na kawo. Kada a ce maƙwabci bai yi ciniki ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a ƙarƙashin allura. Shi kuma ya jingina kai da bango, ya lumshe ido yana saurare.

"Wancan Mai walda ne. Wancan na niƙa ne, belinsa ya yi sako-sako, ki gaya masa." Ya karkata kunne wajen keken. "Naki ya fi daɗi. Ci gaba, kada ki tsaya."

Ta ci gaba. Ta zagaye bakin hular, ta sake zagayewa ko da yake ba ta buƙata, tana ba shi labarin inda za ta kafa kantar jera kaya da inda za ta sa keke na biyu in ta ɗauki mai koyo. Ta yanke zare da haƙori, ta juyo ta ce, "Baba, duba ka gani ko ta yi."

Bai motsa ba, ƙirjin nan nasa ya daina hawa da sauka. Auta, wadda ke tsaye a bakin ƙofa tana kallon hidimar waje, ta juyo, ta zo ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta dubi Tela, babu harara a idonta ko kaɗan.

"Ya gani, Yaya," ta ce a hankali. "Ya kuma ji."

Tela ta cire ƙafarta daga kan keken, kuka ya zo mata ba sauti. Mai aski da ke shagon kusa ne ya fara leƙowa, ya koma ya kashe injinsa. Daga nan na walda ya tsaya. Maganar ta bi layi daga ƙofa zuwa ƙofa, na niƙa ya yi ta ƙara shi kaɗai a can ƙarshe, sannan shi ma ya ja numfashi ya yi shiru. Fankar da ke sama ce kawai ta ci gaba da juyawa, tana ɗaga gefen farar rigarsa tana saukewa.